Uwa ko uba mai renon 'ya'ya shi kaɗai: ina iyakar hidimarsa a ikkilisiya?

Maman Godiya:
Salama a gare ku duka cikin sunan Yesu. Dattawa sun ɗora wa Zumuntar Mata da kwamitin jinƙai aikin rubuta ƙa'ida a kan iyayen da ke riƙe da gida su kaɗai. Ba gwauraye kawai ba. Har da wadda aurenta ya mutu, da wadda miji ya tafi neman kuɗi bai sake waiwayo ba, da wadda ta haihu ba aure, da namijin da matarsa ta rasu ta bar masa yara. Abin da ya tsaya mana shi ne hidima. Wasu na cewa a ƙara jawo su cikin aiki don kada kaɗaici ya cinye su, wasu na cewa a sauke musu kaya. Sai kuma zakka, da yadda za a taimaka musu ba tare da an mai da su mabarata ba. Masu sani ku taimaka mana da abin da za a iya rubutawa a takarda a bi.

Iliya na Sabon Rai:
Salama Mama. Ni dai a ganina kada a rage wa kowa hidima. Wanda ya kula da aikin Allah, Allah zai kula da nasa. Gwauruwar Zarefat garinta tafi ɗaya ne ya rage, amma annabi ta fara yi wa waina, tukunyar ba ta ƙare ba har aka yi ruwa. Idan muka ce su zauna a gida, albarkarsu muke tarewa.

Malama Rifkatu:
Ɗan'uwa Iliya, kafin mu je Zarefat mu ɗauki biro mu yi lissafi. Mako awa 168 ne. A ɗauki ma'aikaciya mai yara uku. Barci awa 7 a dare, 49 ke nan. Aiki awa 8 kwana biyar, 40, da awa 10 na hanya, tafiya da dawowa. Girki, wanki, ɗibar ruwa, cefane, shirya yara da kai su makaranta, a ce awa 4 a rana, 28. Duba aikin gida na makaranta awa ɗaya kullum, 7. An ci 134, saura 34. Cikin 34 ɗin nan za ta yi wanka, ta ci abinci, ta kai yaro asibiti, ta je gaisuwar rasuwa.

Yanzu a duba allon sanarwa. Sujadar Lahadi da hanya awa 4. Addu'ar Laraba 2. Zumuntar Mata sau biyu, 5. Koyon waƙa sau biyu, 4. Sharar majami'a ranar Asabar 2. Awa 17 ke nan, rabin abin da ya rage mata, ba a ma sa addu'ar dare ta ƙarshen wata ko taron gunduma ba. Mai sayar da kaya a kasuwa kwana shida ba ta ma da 34 ɗin. A gidan da ke da mutum biyu, ɗaya na fita ɗaya na tsare gida. A nan idan ta fita, babbar 'yarta mai shekara 11 ce uwar gida, ita ce da risho, ita ce da jariri, ita ce da buɗe ƙofa ga duk wanda ya ƙwanƙwasa.

Iliya na Sabon Rai:
Malama, aikin bangaskiya ba da biro ake yinsa ba.

Rabaran Ishaya:
Iliya ɗana, kishinka mai kyau ne, amma bari mu buɗe 2 Sarakuna 4 tare. Matar da ta zo wurin Elisha da kuka, mijinta ɗaya ne daga cikin ƙungiyar annabawa, kuma ita da bakinta ta shaida mai tsoron Ubangiji ne. Ma'aikacin Allah ne cikakke, ya mutu ya bar bashi har mai bin bashi na shirin kwashe 'ya'yansa biyu su zama bayi. Wannan kaɗai ya isa ya hana mu yi wa mutane alkawarin cewa hidima tana biyan kuɗin haya. Ka kuma lura da abin da Elisha ya yi. Bai ce ta ƙara zuwa taro ba. Ya tambaye ta me take da shi a gida. Ya aike ta maƙwabta aron tukwane. Ya ce ta rufe ƙofa ita da 'ya'yanta su yi aikin tare. Da mai ya tsaya, ya ce ta sayar, ta biya bashi, ita da yaran su ci saura. Abin da ke hannu, maƙwabta, aiki, ciniki, biyan bashi, abinci: mu'ujiza ce, amma ta wannan hanya ta bi.

A Zarefat kuwa Allah ne da kansa ya aiki annabi Iliya wurin mace ɗaya, da magana ta musamman. Ba doka ce aka kafa wa kowace gwauruwa ba. Dokar da aka ba ikkilisiya tana 1 Timoti 5:8, inda Bulus ya ce wanda bai kula da mutanen gidansa ba ya musunci bangaskiya. Don haka renon yaran nan shi ne hidimarta ta fari, ba abin da ke hana ta hidima ba. Timoti kansa mahaifinsa Baheleni ne, bangaskiyar da Bulus ya yaba a cikinsa daga kakarsa Lowis da uwarsa Afiniki ta zo.

Maman Godiya:
Baba, mun gode. To a takarda me za mu rubuta?

Rabaran Ishaya:
Daidai ruwa daidai tsaki. Sujadar Lahadi ita da yaranta, wannan ba a taɓa shi. Sai zumunci ɗaya a mako wanda ita ta zaɓa. Sai hidima ɗaya, mai wa'adi, wata shida ko shekara, bayan nan a zauna da ita a tambaya ko za ta ci gaba. Wa'adin nan yana da muhimmanci ƙwarai, domin yawancin waɗanda suka daina zuwa sujada gaba ɗaya ba bangaskiya suka bari ba. Aiki ne ya fi ƙarfinsu, kunya ta hana su cewa a sauke musu, sai suka ɓace. Wa'adi yana ba mutum ƙofar fita da mutunci. Mai goyo da mai yaro ƙasa da shekara biyar a ɗauke mata addu'ar dare da tafiyar kwana, a kuma faɗa daga bagadi cewa ikkilisiya ce ta ɗauke, don kada a riƙa nuna ta da baki.

Dattijo Bulus:
Baba Rabaran, na yarda da wa'adi, amma ina tsoron gefe ɗaya. Kada rage kaya ya koma ware mutum. Akwai majami'un da da zarar miji ya rasu, shi ke nan, matar ta koma cikin jerin masu karɓar shinkafar Kirsimeti, ba a sake tambayar ra'ayinta a kan komai. Alhali wata malamar makaranta ce, wata akanta ce a banki. A zaɓi hidimar da ke tafiya da rayuwarta. Akwai wadda ake yi a cikin awannin da dama tana majami'a: karatun Littafi a sujada, tarbar baƙi, ƙidayar baiko bayan tashi, koyarwa a Makarantar Lahadi inda yaranta ma suna ajin. Akwai wadda ake yi daga gida: rubuta minitin taro, riƙe littafin kuɗi, kiran marasa lafiya a waya, addu'ar sarƙa mai rabon awa. Akwai ta sana'a: tela ta ɗinka rigunan mawaƙa, nas ta auna hawan jini sau ɗaya a wata. Wanda aka karɓi abu daga hannunsa yana zama da kai sama a cikin jama'a.

Sista Laraba:
Batun nas da Baba Dattijo ya kawo, bari in ƙara. Masu aikin juyi, nas, ungozoma, 'yan sanda, masu gadi, ba su da Lahadi tabbatacciya. Jadawalin aiki yakan fito ne wata-wata, don haka magatakardan ƙungiya ya karɓi nata kafin ya raba aikin majami'a, ba bayan ya raba ba. Wadda ta fito daga aikin dare ƙarfe 8 na safe kada a sa ta jagorar sujadar ƙarfe 9. Kuma kowace hidima a sa mata mataimakiya tun farko, wadda za ta tsaya ba sai an roƙa ba.

Abin da ke lalacewa a nan shi ne musanyar aiki. Mace ta roƙi abokiyar aiki ta riƙe mata Lahadi saboda taron mata, ta biya da dare biyu a jere, yara su kwana biyu ba babba a gida. Wata kuma ta sulale daga ofis ƙarfe 3 don taron ƙarfe 4, takardar tuhuma ta biyo baya. Gidan da albashi ɗaya ke riƙe da shi ba shi da na biyu da zai tare shi in aka kore ta. Kolosiyawa 3:23 ta ce duk abin da muke yi mu yi shi kamar ga Ubangiji, wannan ya haɗa da isa wurin aiki a kan lokaci. In ana so ma'aikata su samu zumunci, a sa taro ɗaya ranar Lahadi bayan sujada ko Asabar da yamma.

Mai ciki kuma da ke aiki a kamfani ta san haƙƙinta. Dokar ƙwadago ta ba da hutun haihuwa mako 12, shida kafin shida bayan, da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata shida tana aiki, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Dokar ba ta tambayi takardar aure ba.

Iliya na Sabon Rai:
Na ji batun lokaci. Amma zakka fa? Ita ma za a ɗauke? Gwauruwar da ta zuba anini biyu ai Yesu yaba mata ya yi.

Ma'aji Yohanna:
Ɗan'uwa, ka karanta Markus 12 daga aya 38, kada ka fara daga 41. Kafin ya zauna gaban baitulmali, Yesu ya gama tsawata wa malaman Attaura masu cinye gidajen gwauraye suna doguwar addu'a. Ya yaba wa zuciyar matar, amma ya riga ya la'anci masu tatsar irinta. Sannan Maimaitawar Shari'a 14:28-29 ta ce zakkar shekara ta uku a tara ta a gari, Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su zo su ci su ƙoshi. Wato a Shari'a ma gwauruwa tana cikin masu cin zakka.

Ban ce a hana ta bayarwa ba. Hana mutum bayarwa raini ne. Ga abin da za a iya rubutawa. Mai albashi ta fitar daga abin da ya shigo hannunta. Mai sana'a ta fitar daga riba, ba daga cinikin yini ba. Wannan kuskuren yana karya jari da yawa: mai awara ta yi cinikin dubu 10, dubu 8 na waken suya ne da mai da itace, ribarta dubu 2, zakkarta ɗari 2. Idan ta cire dubu ɗaya daga dubu 10, rabin ribarta ta bayar, kuma cikin 'yan makonni za ta fara cin uwar kuɗi ba ta sani ba. Kayan taimako da ikkilisiya ta ba ta ba a cire musu zakka. Ba a cin bashi don a ba da baiko, 2 Korantiyawa 8:12 ta ce ana karɓa gwargwadon abin da mutum ke da shi ne.

Amma a gaskiya ba zakka ce ke karya su ba. Ƙananan kuɗaɗe ne: ankon taron mata, kuɗin wata na ƙungiya, gudummawar gini da ake raba wa gida-gida, ambulan godiyar kaka mai suna a jiki, kuɗin mota zuwa taron gunduma, tarar rashin zuwa taro. Kowanne shi kaɗai ƙarami ne. A haɗa na shekara a gani.

Maman Godiya:
Ma'aji ka taɓo mu a nan. Anko dai mu ne.

Ma'aji Yohanna:
Mama, ba zargi ba ne. Zanin ƙungiya ɗaya ya isa, a daina fitar da sabo kowane taro. Idan za a sayo, a sayo bandir, a ƙara kaɗan a kan kuɗin masu hali, a yanka wa marasa hali ba tare da sanarwa ba. Gudummawar gini kuma kada gida mai hannu ɗaya ya biya daidai da gida mai albashi biyu. A soke tara.

Barista Hannatu:
Salama iyayena. Ina so a sa wani sashe a ƙa'idar nan wanda ba a cika ɗaukarsa hidima ba, alhali shi ke raba gida da talauci: takardu. Makonnin farko bayan rasuwa ana cikin zaman makoki da waƙoƙi, a lokacin ne takardun fili da katin banki da makullin shago ke barin gidan. A sa mutum biyu, dattijo da mace ɗaya mai karatu, aikinsu ke nan kawai.

A karɓi takardar rasuwa daga asibiti, a kai ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa a samu shaidar mutuwa. A tattara takardar aure da takardun haihuwar yara, a yi musu kwafi, a ajiye kwafin a wani wuri dabam. A bincika irin auren. Da yawa suna zaton duk auren da aka ɗaura a majami'a auren doka ne. Sai in majami'ar tana da lasisi, an bi ta rajista, an kuma ba su takardar da ake kira Fom E. In ba haka ba, a idon kotu ba auren doka ba ne, albarka ce kawai aka sa, kuma wannan yana shafar yadda za a raba gado.

In mamacin ma'aikaci ne a ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, akwai kuɗi kashi biyu. Akwai asusun fanshonsa, inda ake zuba kashi 8 cikin ɗari daga albashinsa da aƙalla kashi 10 daga mai aikin. Akwai kuma inshorar rai da doka ta wajabta wa mai aiki, wadda ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Wannan na biyun ne iyalai da yawa ba su san da shi ba, ba sa ma tambaya. Ba kowace jiha ce ta shiga tsarin ba, don haka a tambayi ofishinsa. Kamfanin fansho da banki ba sa sakin kuɗi don kawai sunan mace na rubuce a matsayin makusanciya. Sai da wasiyya da kotu ta tabbatar, ko takardar izinin kula da gado daga sashen gado na Babbar Kotun jiha. A tabbatar sunan matar na cikin masu karɓar izinin. Inda abu ke ɓaci shi ne ƙanin miji ya ce ta zauna ta yi makoki shi zai yi zirga-zirga, takarda ta fito da sunansa shi da wani.

Dattijo Bulus:
Barista, in dangi suka ce al'adarmu mace ba ta gado fa? Musamman in 'ya'ya mata kaɗai ta haifa.

Barista Hannatu:
Baba, Kotun Ƙoli ta yi magana a 2014 sau biyu. A shari'ar Ukeje ta ce al'adar da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta ta saɓa wa tsarin mulki. A shari'ar Anekwe da Nweke ta yi tir da al'adar korar gwauruwa daga gidan mijinta don ba ta haifi namiji ba. Dokar hana cin zarafi ta 2015 ta mai da muzguna wa gwauruwa da sunan al'ada laifi, haka watsar da mata da yara ba abin ci, kuma jihohi da yawa sun yi tasu irinta. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana tauye wa ɗan ƙasa haƙƙi saboda yanayin haihuwarsa, don haka yaron da aka haifa ba aure yana da haƙƙi a kan mahaifin da ya amsa shi. Uban da ke raye ya ƙi ciyarwa, a fara da ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, su kira shi a rubuta abin da zai riƙa bayarwa. In ya ƙi, kotu. Marar kuɗin lauya ta nemi ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ko Hukumar Ba da Agajin Shari'a. Amma a fara da zaman sulhu, dattawa su je da Littafin Ƙidaya 27, inda Ubangiji ya ce 'ya'yan Zelofehad mata suna da gaskiya, a ba su gādon mahaifinsu. Dangi masu bi sukan ji wannan fiye da sunan kotu.

Malama Rifkatu:
Tunda Barista ta ambaci haihuwa ba aure, kada mu tsallake. Wadda ta haihu ba aure ita ce a ƙasan kowa a cikin jerin da Mama ta kawo. Gwauruwa ana tausaya mata, wannan kuwa ana sa ta ƙarƙashin horo, ta zauna a bencin baya, ba Jibin Ubangiji, ba waƙa. Wanda ya yi cikin sau da yawa ya koma wata majami'a ko yana nan yana kaɗa ganga. Ban ce a soke horo ba. Na ce horon da ba shi da ranar ƙarewa kora ce.

Rabaran Ishaya:
Gaskiya ne Malama, kuma Nassi na bayanki. A 2 Korantiyawa 2 Bulus ya ce horon da aka yi wa mai laifin ya isa, a yafe masa, a ta'azantar da shi, don kada baƙin ciki ya haɗiye shi. A rubuta haka: ranar da aka sa horo a faɗi tsawonsa bisa tsarin ɗarikar, a haɗa ta da uwa ɗaya cikin Zumuntar Mata da za ta riƙa ganinta kowane mako, ranar da ya cika a karɓe ta a gaban jama'ar da aka sanar wa tun farko. In namijin ɗan ikkilisiya ne, horo ɗaya, a kuma rubuta wa fastonsa in ya gudu wani wuri. Bayan an karɓe ta, ƙofar hidima a buɗe take kamar ta kowa. Yaron kuwa ba shi da horo ko na yini ɗaya. Ezekiyel 18:20 ta ce ɗa ba ya ɗaukar laifin mahaifi. A raɗa masa suna, a sa masa albarka, ya shiga Makarantar Lahadi da ƙungiyar yara ta Birged kamar kowane yaro. A Farawa 21 kukan yaron Hajaratu Allah ya ji a jeji, ya buɗe idonta ta ga rijiya.

Iliya na Sabon Rai:
Baba, na karɓi gyara a kan horo da zakka. Amma har yanzu ina jin kamar mun cire albarka daga maganar, mun bar lissafi da kotu.

Rabaran Ishaya:
Ba mu cire ba ɗana. Dubi Rut. Ta fita kala tun safe har yamma, ta sussuka ta samu wajen garwa guda na sha'ir. Albarkar ta zo ta dokar da ta hana mai gona komawa ya tsince damin da ya manta, ta Bo'aza da ya gargaɗi samarinsa kada su taɓa ta, ya kuma ce su riƙa zare mata zangarniya da gangan, ta kuma bayanta da ta sunkuyar yini guda. Na'omi ta duba duk wannan ta ce Ubangiji ne bai daina nuna alheri ba. Abin da nake ƙi shi ne a koya wa mace cewa albarka lada ce ta yawan taro, domin ranar da yaronta ya kwanta ciwo za ta ce laifinta ne, ta fasa addu'ar Laraba.

Ma'aji Yohanna:
Bari in shiga batun taimako, don nan ne rigima ke tashi. Ikkilisiyar farko ma a kan rabon gwauraye ta fara gunaguni, Ayyukan Manzanni 6, har aka zaɓi mutum bakwai. Asusun jinƙai ya zama dabam da na ikkilisiya, sa hannu biyu, ɗaya mace. A ware masa kaso tsayayye daga baiko, ko baikon Lahadi ɗaya a wata, kada ya dogara da roƙo in abu ya faru. A yi rajista gida-gida: yara nawa, ajinsu, sana'a, haya ko gidan kai, dangin da ke taimako. 1 Timoti 5 ta ce 'ya'ya da jikoki da dangi su fara ɗauka, don ikkilisiya ta iya da waɗanda ba su da kowa. Littafin yana hannun mutum uku, ba a karanta suna a sujada, ba a ɗaukar hoto ana miƙa buhu.

Kuɗin makaranta a biya makarantar kai tsaye a karɓo rasit. Ba don rashin yarda ba. Kuɗi in ya shiga gidan da ba abinci, abinci zai zama, kuma ba wanda zai ga laifinta. A riƙa tuna watan Satumba da lokacin rajistar jarrabawar WAEC da NECO, nan ne gidajen ke nutsewa, ba Disamba da kowa ke kawo shinkafa ba.

Jari kuma a ba da kaya, ba kuɗi ba, kuma a kan sana'ar da ta riga ta iya. Keken ɗinki ga wadda ba ta koyi ɗinki ba ana sayar da shi kafin shekara. Wadda za ta koya, ɗarikar ECWA na da makarantar gwauraye a Samaru Kataf, ana iya tambaya ta hannun gunduma. Kaji kuwa kowa na so saboda kasuwar Kirsimeti, amma a yi lissafi tukuna. Kajin nama 50 za su ci kilo 4 zuwa 5 kowanne kafin mako 7 ko 8, wato buhu 8 zuwa 10 na kilo 25. Abinci shi ne mafi yawan kuɗin. Kwamiti ya sayi 'yan tsaki da buhu biyu ya ce ya ba da jari, a mako na huɗu abinci ya ƙare lokacin da suka fi ci, ta koma ba su dusa, su tsumbure. Gara 25 da cikakken abinci da rigakafin gumboro da lasota da gawayin ɗumama su, a zuba su ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba. Sannan a yi wa 'yan majami'a magana a fili: kazar gwauruwa ba a ɗaukarta bashi.

Sista Laraba:
A ƙara rajistar inshorar lafiya ta jiha ga yaran, in asusu zai iya. Kwanciya ɗaya a asibiti tana cinye jarin da aka yi shekara ana tarawa.

Dattijo Bulus:
Ba mu ce komai a kan maza ba. Namijin da matarsa ta rasu ba ya zuwa ya ce ya gaza, kuma ba shi da ƙungiya irin Zumuntar Mata da za ta lura. Abin da aka saba shi ne a raba yaran ga dangi cikin wata ɗaya, ko a matsa masa ya yi aure kafin yaran su gama kuka. Abin da yake bukata ƙanana ne kuma a fili suke: wadda za ta yi wa yarinya kitso ranar Asabar, uwa amintacciya da za ta yi mata bayanin al'ada kafin ta fara, gidan da yara za su sauka daga makaranta zuwa ƙarfe 5, tukunyar miya sau ɗaya a mako a watannin farko. A sa iyali guda, miji da mata, ba mace ɗaya ba. Haka ziyarar gwauruwa: mutum biyu, ɗaya mace, da rana. Fasto ko dattijo kada ya je shi kaɗai, don kare sunanta da nasa. Ɗa namiji da ke tashi ba uba kuma a haɗa shi da hafsan Birged ko dattijon da uwar ta yarda da shi, ganawa a fili, ba a ɗaki ba.

Maman Godiya:
Allah ya sāka muku. Na kwashe duka. Abu ɗaya ya rage wanda matanmu za su tambaya: ranar taro, ina za a ajiye yaran?

Malama Rifkatu:
A ɗakin Makarantar Lahadi, a awannin taron. Manya biyu kowane lokaci, ba ɗaya ba, ba kuma 'yan mata 'yan shekara 13 ba. A yi juyi cikin iyayen da yaransu suka girma, kowace sau ɗaya a wata. Littafi a bakin ƙofa: sunan yaro, wanda ya kawo shi, wanda zai ɗauke shi, lambar waya, da ko yana da sikila ko farfaɗiya ko abin da ba ya ci. Ba a ba da yaro ga wanda ba a rubuta sunansa ba, ko da ya ce shi ne uban, domin inda ake rigimar riƙo ta nan ake ɗauke yara. Tabarma, ruwan sha mai murfi, fo biyu, sabulu. Manyan yaran su zo da aikin makarantarsu su yi a can. Taro kuma ya tashi ƙarfe 6 daidai, don ta isa gida ta ɗora tukunya da sauran haske.

Ma'aji Yohanna:
Mama, ku sa kuɗin tabarmi da sabulun cikin kasafin da za ku kawo wa dattawa, kada a ce matan su tara.